Yaron ƙarfen Hajja yana cikin wadirof ɗina

Assalamu alaikum jama'ar wannan guruf. Admin don girman Allah a sakaya sunana. Shawararku nake nema, don ni dai kaina ya ƙulle, kuma mai zagi ya haƙura ya karanta har ƙarshe tukuna.

Muna Tudun Wada a nan Gusau, kakarmu Hajja tana hannunmu, ta haura casa'in kuma idonta ya tafi. Tun ina ƙarama na san tana da wani ɗan mutum-mutumin ƙarfe a cikin adakarta, tsawonsa bai fi taƙi ɗaya ba, siffar yaro ne mai ɗan tumbi da zanko a kai. Takan fito da shi ta goge da man gyaɗa saboda tsatsa, ta naɗe a tsumma ta mayar. Ban taɓa ganin ta roƙe shi komai ba, sallarta kuwa ko mu masu ido ba mu kai ta kiyayewa ba.

Yaron da aka ƙera siffarsa yayan Hajja ne, ɗan farin mahaifiyarta, ita ma ba ta taɓa ganinsa ba. Zamanin da Turawa ke shimfiɗa layin dogo ta Tsafe zuwa Gusau, uwar tana kai wa leburori fura, shi kuma yana biye da ita, bai wuce shekara huɗu ba. Ya sauka ramin da ake ɗibar ƙasa, gefen ramin ya rufta masa. Kun san kunyar ɗan fari ta mutanen da, uwa ba ta kiran sunansa, ba ta nuna ta damu da shi. A gabanta aka tono gawarsa, ta ci gaba da dama fura, don in ta yi kuka surukai za su ce ba ta da kunya. Mijinta maƙeri ne, shi ma bakinsa a ɗaure. Sai ya sami guntun ƙarfen layin, ya ƙera yaron ya ajiye mata a ɗaki. Da shi ta riƙa kukanta a ɓoye har ta rasu ta bar wa Hajja. Yau ko sunan yaron babu wanda ya sani, ba a san kabarinsa ba, wannan ƙarfen ne kaɗai shaidar ya taɓa zuwa duniya.

To sai ga babban yayanmu, wanda rabonsa da ya sayo wa Hajja ko sabulu har na manta, amma in wa'azi ne a guruf ɗin gida, nan fa ba a gabansa. Ya shigo ya tarar tana gogewa, ya zaro waya ya ɗauke ta bidiyo ba ta sani ba, ya tura wa dangi har na Bungudu, wai ga tsohuwa tana kiwon gunki da ƙafa ɗaya a kabari. Wasu har da turo hoton dariya. Da ta shiga banɗaki ya ɗauke abin, ya naɗe taɓaryar ƙaramin turmin daka yaji a tsumman ya mayar mata, yana cewa ai makauniya ce, duk ɗaya ne a wurinta.

Tana taɓawa ta gane. Ta ce, "Wanga ba shi na ba. Mi kunka yi mai?" Yaya ya tsaya a kanta ya gaya mata ya ba 'yan jari bola sun narkar, yanzu ƙila murhu ne ko ƙofar masai, ya ƙara da cewa ta gode masa don ya fitar da ita daga wuta. Ya kuma rantse in abin ya sake shigowa gidan, ranar da ta mutu ba zai sallace ta ba, kuma zai faɗa wa mutanen masallaci dalili. Na yi masa tatas, ya ce ni ma sai an bincike ni.

Tun ranar Hajja ta daina cin abinci. Kunu ma sai ta kawar da kai, har an yi mata ƙarin ruwa. Kuma ba ta kuka, wallahi da ta yi kukan da ya fi mini sauƙi. Abin da ta ce mini kawai shi ne, "Innata ta ba ni amanar ɗa guda, na kasa riƙe mata."

Abin da kowa bai sani ba, na bi sawun mai jari bolar har inda suke tara kaya, na yi ta tono cikin tarkace na samo shi. Sai dai kafin Yaya ya bayar, ya sa guduma ya daddake kan. Fuskar ta baje, babu ido babu hanci, zankon ya karye. Na tambayi wani malami a asirce, ya ce tunda fuska ta tafi ai yanzu ƙarfe ne kawai, babu laifi a ajiye. Na fito daga wurinsa ina jin kamar in kurma ihu.

Yanzu yana cikin wadirof ɗina ƙarƙashin zannuwa, ita kuma tana ƙarewa a gabana. In na ɓoye, za ta tafi tana ganin ta ci amanar uwarta. In na kai mata, barazanar Yaya ba ita ce ta fi damuna ba, zan iya da shi. Abin da ke tsorata ni, Hajja da yatsu take gani, kuma fuskar take fara shafawa kullum. Don Allah ku gaya mini, in bar ta da zaton an narkar da shi, ko in sa mata shi a hannu ta ji abin da jikanta ya yi wa kan yaron?