Ƙwan da Inna ta hana Baba

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da maiɗakinka da yara. Ya Fatakwal, ya aiki?

An ɗaga aikin dajin hanjin da za a yi wa Baba a Kano. Likitan ya ce ya rame, jininsa ya yi ƙasa, kuma wanda ya shiga tiyata a haka ba kasafai yake tashi ba, ko da aikin ya yi kyau. Sai ya yi ƙarfi tukuna.

Ashe tun da ya kwanta koko kawai Inna take ba shi. Ta hana shi ƙwai da kifi da gyaɗa, wai suna sa miki ya yi ruwa. Na gaya mata abin da likita ya ce, ta ce, "Haka muka taso muka gani."

Yanzu a gidana a Rano nake dafa ƙwan in kai masa gida Kibiya a ɓoye. Yana ci, ya ɓoye ɓawon a aljihu.

Ka yi mata magana, taka take ji. A sa shi a addu'a, a gaida kowa.

Ƙanwarka,
Hadiza