Kumburin da ke Idon Inna

Illela, ranar Lahadi

Zuwa ga ƙanena Imrana,

Gaisuwa mai yawa. Ina aiki, ina ƙurar siminti? Na ba direban kamyonku wannan takarda, tun da wayarka kullum a kashe take kamar ta mai gudun dangi.

Idon Inna ne. Ka san na hagu ya daɗe da mutuwa, na dama ɗin da aka yi wa aiki shekara biyar ke nan shi muke lallaɓawa. To yanzu yanar ido ta rufe shi. Jiya ta zuba wake cikin tulun ruwa tana zaton ƙwarya ce. Ba ta zama wuri ɗaya, daga ɗaki sai zaure, tana lalube tana faɗa da kowa.

Wani mai kwantar da yanar ido da tsinke ya zo kasuwa. Ya yi wa maƙwabciyarmu Kaltume, ta tashi tana ƙirga kajinta. Inna ta ce ita ma sai shi. Me ka gani?

Abu ɗaya dai na yi maganinsa. Ina sa mata kwalli na ga wani ɗan kumburi kamar ƙurji ƙarƙashin fatar idon ta sama. Wata uku ina gasa shi da tsumma mai zafi, ina ɗiga ruwan bagaruwa, har ya baje. Ka ga yayarka ma lokotoro ce.

Ka gaida Muhsina da yara.

Yayarka, Takama

Malbaza, ranar Talata

Yaya Takama,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya. Na karanta takardarki sau uku a bakin ƙofar izin, masana'antarmu ta siminti, na kasa shiga.

Don Allah kada mai tsinke ya taɓa Inna. Ciwonta biyu ne. Ita yanar ido ana cire ta a gani. Amma aikin da aka yi mata a da na hawan jinin ido ne, shi kuwa abin da ya ci ya ci. Ki bar gashin nan da bagaruwar tun yau. Ki kai ta asibitin Ƙonni ranar Alhamis, ki riƙe tsohon katinta, yana cikin akwatin Baba. Na nemi izinin fita, shugaban sashenmu ya ce sai ƙarshen wata.

Allah ya ba ta lafiya.

Ƙanenki, Imrana

Ƙonni, ranar Juma'a

Imrana,

Ina gaisuwa. Muna gidan Baba Liman mai masaukinmu, ba mu koma Illela ba.

Lokotoro ya ɗaga fatar idon ya daɗe yana dubawa, sannan ya tambaye ni ina kumburin da ke nan. Ni kuwa da bakina, har da murmushi, na ba shi labarin aikina. Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Ya ce ba ƙurji ba ne, ƙofa ce aka buɗe wa ruwan idon ya riƙa fita, yanzu ta toshe, ruwan ya taru yana danne jijiya. Ya ce wani lokaci takan toshe da kanta in shekaru sun ja, musamman da ba mu koma randebu ko ɗaya da asibiti suka sa mana ba. Na san lallashi na yake.

Ran Litinin zai cire yanar ya sake buɗe wata ƙofar a zama ɗaya. Na tambaye shi ko za ta gani kamar da. Ya ce, "Za ta ga abin da ya rage."

Imrana, tun jiya na kasa cin abinci. Na share tsakar gidan mutane sau biyu, na wanke abin da ba ya da dauɗa. Inna kuwa sai sa mini albarka take, tana gaya wa matan gida yadda nake kula da ita. Da hannuna na yi, kullum bayan sallar asuba, ina jin daɗi.

Ka yi mana addu'a.

Takama

Malbaza, ranar Asabar

Yaya,

Ina gaishe ki. Ki ci abinci.

Ni na kai Inna wancan aikin. Lokotoro ya nuna mini kumburin, ya ce kada a taɓa shi, a kuma dawo da ita duk wata shida. Da Faransanci ya yi bayanin, na ce na gane, kuma na gane ɗin. Na sauke ta a gida ina sauri in kama mota, abin da na ce miki kawai shi ne an yi aiki lafiya. Da na karanta takardarki ta farko na tuna, kunya ta hana ni faɗa.

Ki yafe mini in za ki iya.

Imrana

Ƙonni, ranar Laraba

Imrana,

Muna lafiya. An cire bandejin jiya. Tana gani tar, amma kamar mai leƙe ta cikin kara, tsakiya kawai. Ta ce na tsufa.

Ban gaya mata nawa ba, ban gaya mata naka ba. Ta ce in ka zo ka tsaya daidai gabanta, gefe ba ta gani. Kada ka jira ƙarshen wata. Na tambayi lokotoro shekara nawa wannan zai kai mu, bai ba ni amsa ba.

Yayarka, Takama