Teburin da Kika Yanke wa Ƙafa

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da ladabi irin na ɗiya ga mahaifiyarta, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji a makwancinki. Ni ce Kulu, autarki mai kunnen ƙashi. Na san takarda ba ta isa inda kike, amma tun ranar Alhamis magana ta cika mini ciki, kuma ke ta shafa. Inna, saura ƙiris in sayar da teburinki.

Kin san wanda nake nufi, ai ba ki da wani. Zagayayyen nan na baƙin katako, mai ƙafa ɗaya da yatsu uku a ƙasa, wanda Baba ya sayo miki a Gusau hannun wani tsohon akawu tun ba a haife ni ba. In aka ja 'yar sakatar tagulla da ke ƙarƙashinsa, sai samansa ya miƙe tsaye ya jingina da bango kamar faifai. Haka yake wuni, haka yake kwana a ɗakinki na Anka. Ba ya kwanciya sai an yi baƙo.

Mu yara da ƙarar sakatar muke gane an yi baƙi. Da mun ji ƙas, sai mu taru bakin ƙofa muna leƙe. Ki shimfiɗa farin ƙyalle mai aikin hannu, ki jera alkaki da dubulan da nakiya, ki ajiye kwanon fura a tsakiya. In Inna Wuro mai kawo mana nono daga ruga ce ta zo, a kansa kike ba ta, in matar alƙali ce, a kansa. Mu kuwa ko yatsa muka ɗora sai mun sha rankwashi. Har yau ina iya nuna miki wurin a kaina. Kullum maganarki ɗaya: “Na baƙi ne.”

Da aka kai ni Bagega gidan miji na roƙe ki shi cikin kayan ɗaki. Kika yi dariya, kika ce ko gawarki sai ta yi gardama.

Sai ga shekarun zinariya. Maza na kawo dutse daga rami, mu mata muna daka shi a tsakar gida, a turmin da muke daka gero. Ƙurar ta kwanta a ƙasa, a tabarmi, a hannun yara. Wa ya san da gubar dalma a ciki? Yara suka fara suma da jijjiga, gida bayan gida. Da likitoci suka zo suka ce ƙasar da yara ke wasa da cin abinci a kai ita ce ke kashe su, labari ya iske ki a Anka. Kwana biyu sai ga ki a bayan babur, kin yi futu-futu, an ɗaure teburin a wani babur ɗin yana biye da ke. Teburin da ko zaure bai taɓa leƙawa ba! Kika ce in ɗauke abincin jikokinki Saratu da Bello daga ƙasa, kika koma.

Ga abin da ban taɓa faɗa miki da bakina ba. Ban kwantar da shi ba, Inna. Na jingina shi da bango yadda na saba gani. Na ce ya yi wa yara tsawo, Saratu shekara huɗu, Bello biyu, ba su kai ba. Gaskiyar ita ce kunya nake ji kada matan unguwa su ce Kulu ta zama Baturiya, 'ya'yanta ba sa ci sai a kan teburi. Ina kuma tsoron su ɓata shi da miya. Na ci gaba da ajiye musu kwano a tabarma. Mako uku bayan nan muka binne Bello.

Likita ya ce mini teburi ba zai hana ba, ƙurar tana ko'ina, ta riga ta shiga jininsa. Na ji da kunnena. Zuciyata ce ba ta taɓa ji ba.

Kin zo zaman makoki, kin ga teburin a tsaye, ƙyallensa ko ɗigon miya babu. Na jira ki yi mini faɗa, wallahi da kin mare ni da na ji sauƙi. Washegarin sadakar uku kika aika a kira kafinta, kika auna Saratu a zaune bisa kujera 'yar tsugunno, kika nuna masa inda zai sa zarto. Mutumin ya yi ta ba ki haƙuri, ya ce irin wanga katako ba a samun sa yanzu. Kika riƙe masa ƙafar da hannunki har ya gama. Da ya haɗa, kika ja sakata, kika zuba wa Saratu tuwo, kika ce: “Wane baƙo ya fi ɗa? Shi ma zuwa ya yi, kuma ba a faɗa mana ranar tafiyarsa ba.”

A kansa Saratu ta ci abinci har aka kankare ƙasar gidan aka zuba sabuwa. Ta rayu, Inna. Karatu ya yi mata nauyi, magana ma sai a hankali, amma hannunki ta ɗauko sak. Alkakinta har daga Gummi ake aiko a yi na biki.

Tun da kika rasu muka dawo gidanki na Anka, na sake jingina shi da bango, na rufe da tsohon zane. Ba na son ganin sa. Duk sanda idona ya faɗa kansa, makonni ukun nan nake gani. Shi ya sa da wani mai sayen tsofaffin kaya ya zo gari yana neman tasoshi da akwatuna na da, na ce a shigo da shi. Na ƙudura ko nawa ya ba ni ya ɗauka.

Ya shafa katakon, ya ja sakata, ya yaba. Sai ya durƙusa ya ga inda aka haɗa ƙafar. Ya yi tsaki, ya girgiza kai, ya ce an kashe teburin, duk wanda ya yanke wannan ƙafa bai san darajar abin da ke hannunsa ba.

Inna, ban san lokacin da na miƙe ba. Kin san bakina in ya buɗe. Na ce masa wadda ta yanke shi shekara talatin tana goge shi da man gyaɗa, ta hana ɗiyar cikinta, ta fi shi sanin darajarsa nesa ba kusa ba. Ta dai ga abin da ya fi shi daraja ne. Bawan Allah ya ɗauki hularsa yana ba da haƙuri, bai san laifin da ya yi ba. Ni ma daga baya na ji kunya, ai sana'arsa ce.

Ya tafi ya bar teburin a kwance, ni kuma na kasa tayar da shi. Ina zaune ina kuka Saratu ta shigo da alkakin da ta soya, ta ɗora a kai. 'Ya'yan maƙwabta uku da suka biyo ƙamshi suka tsaya bakin ƙofa suna leƙe, irin tsayuwarmu ta da. Na ce su wanke hannu su shigo. Ƙaramin cikinsu bai fi Bello ba, kuma teburin ya yi masa daidai. Ya dangwala zuma ko'ina a kan katakonki, ni kuwa na ƙyale shi.

Ki yafe mini, Innata. Na daɗe kafin in gane.

Allah ya jiƙan ki, ya haskaka kabarinki, ya karɓi baƙuncinki fiye da yadda kika karɓi na mutane. Allah ya haɗa ki da Bello. In kin gan shi, ki ba shi abinci a inda ni ban ba shi ba. Amin.

Ɗiyarki mai kewarki kullum,
Kulu