Saƙon Mai Keken Doki

Charleston, 4 ga Afrilu

Yaya Wendell,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da matarka Marva da yara. Bayan haka, jikin Baba ya ƙi. Yana ci, yana tafiya, amma kan ne, mantuwa ta kama shi. Tun Kirsimeti bai kira sunana ba. An sallame shi daga aiki, bayan shekara arba'in da ɗaya yana zagayawa da baƙi 'yan yawon buɗe ido a keken doki. Ran nan ya kwaso su, maimakon bakin teku sai ya kawo su ƙofar gidanmu, ya tsaya wai yana jiran Mama ta fito. Mamar da muka binne shekara shida ke nan.

Don Allah ka zo.

Ƙanwarka,
Loretta

Chicago, 15 ga Afrilu

Loretta,

Na gaishe ki, sannu da ɗawainiya. Kina wurin ranar jana'iza, da ya ce a gaban jama'a na bar Mama ta mutu tana kirana, ya ce shi ba shi da ɗa. Shi ya manta, ni ban manta ba. Me zan zo in yi wurin mutumin da ba zai gane ni ba?

Ki huta lafiya.
Wendell

Charleston, 2 ga Mayu

Yaya,

Ina gaisuwa. Ba roƙo zan sake yi ba, labari zan ba ka.

Ranar Asabar na shiga da shi keken doki cikin baƙi. Delphine, wadda shi ya koya wa aikin, ita ce ke tuƙi tana yi wa baƙin bayani. Muna kaiwa layin tsofaffin gidajen nan masu launi-launi sai ya ce, "Ke, kin tsallake ɗaya!" Ya karɓe bayanin. Gida-gida, coci-coci, har inda aka sayar da kakanninmu bayi, ko shekara ɗaya bai kuskure ba. Baƙi suka yi ta tafi, Delphine tana share hawaye.

Sai ya juyo wajena. "Baiwar Allah, daga ina?"

Na ce daga nesa.

"Kina bi ta Chicago? Ɗana yana can, Wendell. Dogo ne, ya fi ni kyau, amma kar ki gaya masa. Na yi masa wata mummunar magana. Na rasa me na ce, amma na san na faɗa. Ki ce masa uban ya yi kuskure."

To, na isar.

Taka,
Loretta

Charleston, 11 ga Mayu

Marva,

Na sauka lafiya, a gaida yara. Baba bai gane ni ba. Ya ba ni kujerarsa, ya tambaye ni ko wannan ne zuwana garin na farko. Na ce e. Da ya ji daga inda nake, ya riƙe hannuna ya ba ni saƙo in kai wa ɗansa. Na ce masa ya riga ya isa.

Gobe wai zai nuna mini teku. Kada ki sa ran dawowata a wannan watan.

Mijinki,
Wendell