Shunin da Ya Ƙi Wankuwa

Zuwa ga yayata Abu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar ƙanwa ga yayarta, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji. Bintarki ce, wadda kika bari da ƙuruciya a gidanmu na Mandawari tun kafin mulkin kai. Yau ga ni da furfura har gira.

Kin tuna zanen turkuɗin da Baba ya rina miki da hannunsa? Kin ɗaura shi kina taƙama a tsakar gida, ni kuwa kishi kamar ya kashe ni. Da shuɗi-shuɗin nan ya fito miki a cinya da damtse, ba wanda ya damu. A gidan marini shuni a jiki ado ne. Inna har dariya ta yi, ta ce, "Abu, zanen nan ya aure ki."

Ni aka sa na cuɗa ki. Na sa soso da sabulun salo na dirje iya ƙarfina, kina cije leɓe, ina yi miki tsiya wai ƙazama. Bai fita ba. Washegari duk inda na dirza ya ƙara duhu. Wannan cuɗar ta fi komai tsaya mini a rai, Yaya.

Jan da ke dasashinki muka ce furen taba ne da goro. Kasala muka ce son jiki. Sai da haɓo ya ƙi tsayawa, zazzaɓi ya ƙi sauka, tafin hannunki ya yi fari fat, sannan aka kai ki asibiti. Kafin lokacin kaka ya shigo kin tafi.

Sunan ciwon sai bana na ji shi. Jikata, takwararki, ta zo da irin tabon a ƙafa, uwarta ta ce wasa ne. Na ce yarinyar da ba ta faɗi ba, ba ta taɓa ɗaura turkuɗi ba, me ya shafa mata shuni? Na kafe sai da aka auna jininta. Likita ya ce sankarar jini ce mai saurin gaske, daga ɓargo take farawa, kuma tabon jini ne ya kwanta a ƙarƙashin fata. An fara mata magani, muna ta addu'a. Ke kika nuna mini, shi ya sa duk uwar da na gani sai na ba ta labarinki.

Ina kewarki. Zanen yana nan a ƙasan adakata. Jiya na ɗauko shi ya ɓata mini yatsu, na zuba ruwa kaɗan, nan da nan shunin ya fita.

Allah Ya haskaka makwancinki, Ya ba Abu ƙarama kwanan da ke ba ki samu ba. Ki yafe mini soson nan.

Ƙanwarki har gobe,
Binta