Sifikun Falo da Ƙafar da Na Bar Muku

Da sunan Allah Mai rahama. Ni Malam Sa'idu Abdulbaƙi Gumel, tsohon malamin kimiyya, na rubuta wannan da hannuna, hankalina garau, zuciyata fari ƙal. Jiki ne kawai yake sallama.

'Ya'yana, mutane da yawa in suka ji sifika tana gurnani sai su ce ta fashe. Sau tari lafiyarta ƙalau, abin da aka ɗora ta a kai ne yake rawa.

Na ɗaya. Gida da gona malamai za su raba yadda shari'a ta tsara. Sifikun falo guda biyu kuwa na riga na ba mahaifiyarku Zubaida kyauta, a gaban Kawu Habibullah. Kada wani mai son adalci ya ce Nura ya ɗauki ɗaya, Abdurra'uf ɗaya. Tare aka yi su, tare suke magana.

Na biyu. Abdurra'uf, tun ƙaramar Sallah ba ka ci tuwo kwano ɗaya da ƙaninka ba, wai ya kai sifikun wurin walima a Maigatari a kan babur ya lalata su. Nura bai lalata komai ba. Laifina ne. A satin da ya kai su ne na sa mai walda ya yi musu ƙafafu da bututun ƙarfe, cikinsu fayau. Bututu maras komai kuwa ganga ne, sifika na motsi shi ma yana amsawa.

Na uku. Na gwada magani a ƙafar sifikar dama. 'Yar'uwarku Muhsina ta tankaɗe mini yashi da rariyar tuwo, mahaifiyarku tana ta faɗa. Muka shanya shi kwana biyu, domin ɗanyen yashi tsatsa yake jawowa. Na ɗura shi ya kusa cika bututun, na toshe bakin. Na yanko robar tsohuwar taya gida huɗu na sa a ƙarƙashi, na ɗaure kusoshi, na ja ta taku biyu daga bango. Da na kunna karatu, har numfashin alaramma na ji. Na yi ta dariya ni kaɗai kamar yaro.

Na huɗu. Ƙafar hagu na bar ta da gangan. Aikin mutum biyu ne: ɗaya ya riƙe mazurari, ɗaya ya zuba. Nura da Abdurra'uf, naku ne, kuma kada ku jira ranar sadakar uku. Ku zo Juma'ar nan ina kallo. Ku ɗora kofin ruwa a kan kowace ƙafa, ku kunna, ku dubi wanda ruwansa yake karkarwa. Sannan ku zuba yashin ku sake dubawa. Abdurra'uf, abin da za ka faɗa wa ƙaninka bayan nan, kai ka san shi.

Allah Ya yi muku albarka, Ya haɗa kanku. Ku riƙe mahaifiyarku, ku riƙa taruwa a falon nan.