Motar Burodin da Za Ta Kai Yakaka Gida

Rumde, Jimeta,
Kaka ta goma sha ɗaya bayan faɗuwar Mubi.

Zuwa ga ƙanina Bukar, a Fatakwal.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka, Ya kuma yi wa nemanka albarka. Mu nan sai godiya. Uwargida Bintu tana lafiya, yara suna makaranta, masarar gonar Girei ta yi kyau bana. 'Yata Zulfa ce ke rubutawa ina faɗa, na kuma ce mata kada ta gyara mini magana. Na ƙi kiranka a waya ne domin a waya katse ni kake yi, kuma na san ɗana Yakubu ya riga ni kai ƙara wurinka a kan motar da na saya. To, ka ji nasa, yanzu sai ka ji nawa.

Ka tuna shekarar da muka fito, sati uku bayan Babbar Sallah, muka bar gyaɗa a shanye a tsakar gida. Kai kana kudu, labari ka ji. Ni kuwa ni na tsaya a bakin ƙaramar motar maƙwabcinmu ina cusa mutane. Yara suka shiga, Bintu ta shiga da jikoki biyu a cinya, wuri ya ƙare. Da bakina na ce wa yayarmu Yakaka ta jira sawu na biyu. Ba a yi sawu na biyu ba. Kwana tara muna nemanta kafin muka same ta a sansanin Malkohi, an kawo ta a saman babbar mota kan buhunan masara, bayanta ya bugu bugun da har yau bai sake ta ba. Ba ta taɓa yi mini maganar ba, ko sau ɗaya. Da ma zagina ta yi, da na fi samun sauƙi.

Tun azumin da ya wuce ta fara cewa tana so ta ga gida. Ba komawa ba, gani kawai, ta gaisa da waɗanda suka koma, ta sha ruwan rijiyar Baba. Hanya ta yi sauƙi yanzu, mutane suna zuwa noma suna dawowa. Amma likita ya ce ba za ta iya zaman kujera fiye da rabin awa ba, tafiyar kuwa ka san ta, Song, Gombi, Hong, kafin a kai wajenmu bayan garin Uba rana ta juya. Gidan kuma babu rufi, bango ne kawai a tsaye, duk wanda ya je a gindin motarsa yake kwana. Kuma kullum ƙarfinta raguwa yake, ban ga alamar za ta iya jiran wata kakar ba. Shi ya sa da gudummawarka ta iso aka haɗa da ta Yakubu, na ce motar gida za a saya, wadda za ta kwashe mu gaba ɗaya.

Shi Yakubu idonsa ya riga ya faɗa kan wata baƙar jif mai ƙyalli da baƙin gilashi. Ya ce tayoyinta manya ne, tana da sanyi a ciki, kuma zai iya zuwa ofis da ita ba kunya. Ni kuwa na sa aka kawo mini karan dawa biyu. Na farko na gwada shi da Yakaka tana kwance a katifarta, daga kai har dunduniya, na ƙara tafin hannu guda na karya. Na biyu na gwada shi da Bintu a sunkuye, yadda take yi in za ta ɗaga Yakaka ko ta juya ta. Da su na tafi wurin masu sayar da motoci.

Bukar, da ka ga dariyar da aka yi mini. Wani dillali ya tambaye ni ko akuyata ce ta ɓace a cikin motocinsu. Yakubu ya koma baya yana danna waya kamar bai san ni ba. Na ce a buɗe mini jif ɗin, aka kwantar da kujeru, na zura karan, sai ga kusan kamu guda ya leƙo waje. Yakubu ya ce ai Goggo tana iya ɗan naɗe ƙafa. Na ce masa matar nan ta taɓa naɗewa kan buhunan masara saboda ni, ba za ta sake ba. Na kuma tuna masa shingayen hanya. Masu tsaro so suke su ga wanda ke ciki, kuma suna da gaskiya. In gilashi baƙi ne sai su ce kowa ya sauko, wa zai yi ta sauke Yakaka yana mayarwa daga nan har Uba? Aka nuna mini wata bas irin ta tasha. Tsawo ya yi in an cire kujeru, amma karan Bintu ya ƙi tsayawa a ciki, rufin ya yi ƙasa.

Mai wurin, wani Apollos mutumin Michika, shi kaɗai ne bai yi dariya ba. Ya zo ya tambaye ni wa nake aunawa. Da na gaya masa sai ya ce a wannan shekarar shi ma a bayansa ya goya mahaifiyarsa ya hau dutse da ita. Ya ce in biyo shi. A can ƙarshen fili ya nuna mini wata doguwar farar bas mai dogon rufi, wani mai gidan burodi ne ya yi aiki da ita, har yanzu hoton burodin yana gefenta bai gama gogewa ba. Kujerun baya an daɗe da cire su, gilasanta farare tas, ƙofar baya ta buɗe gida biyu. Na kwantar da karan farko ya kwanta har da saura. Na tsayar da na biyu ya tsaya cak. Na ce shi ke nan, ita ce. Yakubu ya ce wallahi mutane za su riƙa tsayar da mu a hanya suna neman burodi. Na ce su tsayar, sai mu gaisa.

Kada ka ɗauka kara kaɗai na bi. Na kira Bobboyi makanike, ya saurari injin, ya shiga ƙarƙashinta ya fito, ya ce cikinta ya yi nesa da ƙasa, ramuka ba za su dame ta ba, kuma kayan gyaranta ko a Gombi ana samu. Abin da Yakubu ya gaya maka na cewa sanyinta ba ya aiki gaskiya ne, tana kuma nishi a hawa. Ni ma ina yi. Mun mayar da layi biyu na kujeru a gaba, a baya kafinta ya kafa katako muka ɗora katifa, ƙarƙashinsa jarkokin ruwa da murhu da tukwane da tabarmi. Mai walda ya liƙa ƙarafa a gefen rufi, in an tsaya sai a ɗaura tamfol a yi rumfa. Mata su kwana ciki da gidan sauro, mu maza a rumfa.

Ran Asabar muka gwada ta zuwa gonar Girei, mu duka, Yakubu ne a sitiyari fuska a ɗaure. Shekara shida rabon Yakaka da fita in ba asibiti ba. Da muka hau gada ta ce a ɗaga ta ta ga kogin Binuwai. Bintu ta tashi ta tallafe ta, kanta bai taɓa rufi ba, na juyo na kalli Yakubu, shi kuma ya kalli hanya. A gona muka kafa rumfa, aka dafa shinkafa da wake, Yakaka ta ci fiye da yadda take ci a gida, ta yi azahar da la'asar a cikin motar, ta ce bayanta bai yi mata komai ba. Yakubu bai ce na yi gaskiya ba, ni ma ban nema ba. Amma da kunnena na ji shi yana gaya wa maƙwabcin gonarmu wai ya sha wahala kafin ya samo irin wannan motar.

Da za mu taso Yakaka ta sa aka kira ni. Ta ce, "Deribe, motarka ta yi. Amma ba zan shiga garin ubana a kwance kamar kaya ba. A bakin gari za ku sauke ni, in taka ko taku goma ne." Na ce to, Yaya. Mun sa rana, Asabar ta biyu daga yau in Allah Ya yarda. Akwai kujerarka kusa da tawa, in za ka iya baro kasuwa.

Ka gaishe mini da Azumi, da Surayya da mijinta, da Usaid. Bintu da Zulfa suna gaishe ku, Yakaka ta ce a gaya maka ta ji ka yi ƙiba, tana so ta gani da idonta. Sai da muka dawo muka duba, ashe ko takalmi ba ta da shi, na ƙarshen an daɗe da bayarwa tunda ba ta fita. Gobe da safe in na idar da salla zan shiga kasuwar Jimeta in sayo mata, mai taushi, wanda ba ya santsi.

Naka, yayanka,
Deribe.